Aisi Guda Mai Wuta Biyu ko LM317 da LM337: Wanne Zai Jure Zafin Kebbi?

Duk mai gyaran amfilifaya da miksa a Birnin Kebbi ya san akwai sashen fanel da wuta ɗaya ba ta isar sa. Ƙananan aisin nan (IC, da'irar lantarki da aka dunƙule a ɗan jiki guda) masu ƙafa takwas da ke karɓar muryar makirfo su gyara ta kafin ta kai ga babbar amfilifaya, wato su 4558 da TL072 da NE5532, wuta biyu suke ci: fozitif a sama, negatif a ƙasa, giraun, wato layin sifili, a tsakaninsu. Yawanci bolt 15 kowane ɓangare, wani lokaci 12. Tambayar da ba ta ƙarewa, daga yaran shago har ɗaliban lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru masu haɗa aikin fita, ita ce yadda za a ɗaga wannan wuta ko a sauke ta. A nemi aisi guda mai fitar da duka biyun, a murɗa wuri ɗaya a huta? A haɗa LM317 da LM337, regileta biyu masu daidaita wuta da ake iya saitawa, na farko na fozitif, na biyu na negatif? Ko a tsaya kan 7815 da 7915 da kowa ya saba da su, waɗanda aka kafa a kan bolt 15, a yi musu dabara?

Ra'ayina a fili yake. In sabon abu kake haɗawa, ka ɗauki LM317 da LM337, ka saita su da resista tsayayya da ɗan ƙaramin firiset, wato resistar da ake murɗawa da sukundireba. In kuwa tsohon fanel aka kawo maka mai aisi guda, kuma aisin yana da rai, kada ka cire shi. Sai dai wanda ya ɗauki amsar ya bar dalilan, ranar da taransifomarsa ta bambanta da tawa ko lodinsa ya fi nawa nauyi, kaya zai ƙona. Don haka bari mu bi su a tsanake.

Aisin mai wuta biyu tsohon zubi ne. Sunayen da za ka ci karo da su a tsofaffin kaya su ne MC1468 na Motorola, RC4194 da RC4195 na Raytheon, LM325 na National, sai M5230L na Mitsubishi a wasu kayan sauti na Japan. Dabararsu ɗaya ce a ciki. Ɓangare ɗaya shi ne jagora, shi ke riƙe da ma'aunin da ake kafa wutar a kai. Ɗayan mabiyi ne. Akwai resista biyu masu ƙima ɗaya da aka ja daga fitar fozitif zuwa fitar negatif, aikin mabiyin kawai ya tabbatar mahaɗarsu tana kan sifili. In ka ɗaga jagora zuwa 13, mabiyi ya koma 13 ta nasa ɓangaren. In ka sauke shi zuwa 9, ya biyo shi. Kamar shanun huɗa ne a karkiya ɗaya, wanda ka juya shi ke juyo da ɗan uwansa.

RC4194 ne ya fi su daɗin saitawa. Resista ɗaya ta kilo-om 71.5 ce ke kafa ma'auninsa, wannan ba a taɓa ta. Resista ta biyu ita ke yanke yawan wutar da za ta fita, kuma lissafinta ko a ka kana iya yi: kilo-om 2.5 ga kowane bolt. Kana son 12, ka sa kilo-om 30. Kana son 15, ka sa 37.5. Ka sa boliyom, wato resista mai murɗawa da hannu, a gurbinta, ɓangarorin biyu su riƙa hawa da sauka tare, har kusan sifili. Wannan saukar har ƙasa abu ne da LM317 ba ya yi sai an ƙara masa wata dabara. MC1468 kuwa daga kamfani aka kafa shi a kan 15, amma yana da ƙafar da ake haɗa wa resista a matsar da shi tsakanin 8 da 20, kuma samfurinsa mai ƙafa 14 yana da wata ƙafar ta daidaita ɓangarorin biyu in ɗaya ya ɗan fi ɗaya. RC4195 da LM325 an yi su ne don 15, wanda ke son murɗawa ba su ne abokan tafiyarsa ba.

A kan takarda, wannan ya isa ya sa mutum ya ce an gama magana. Abin da ke rushe maganar shi ne zafi.

Irin wannan regileta ba ta juya rarar wuta ta zama wani abu mai amfani, ƙona ta take yi. Ka cire wutar da ke fita daga wadda ke shiga, ka ninka da abin da lodi ke ja, ka sami wat ɗin da ke zama zafi a jikinta. Taransifoma 18-0-18, bayan dayod da kafasito, tana ba da kusan bolt 24 kowane ɓangare. Ka cire 15, saura 9. Mafi yawan waɗannan aisin iyakarsu miliam 100 (miliam kashi ɗaya ne cikin dubu na amfiya), RC4194 mai jikin ƙarfe ne ke kaiwa 200. A miliam 100 ke nan kana ƙona wat 0.9 a fozitif, wani 0.9 a negatif, jimilla 1.8, duk a cikin jiki guda. Jikin mai ƙafa 14 kuwa abin da yake ɗauka bai wuce kusan wat ɗaya ba, shi ma a ɗakin gwaji mai digiri 25. Mu a nan, a watan Afrilu, rana tana wuce digiri 40 a inuwa. Ka saka fanel cikin akwatin ƙarfe, ka ajiye akwatin kan kanta a masallaci mai rufin kwano, a yi tafsiri daga bayan Azahar har kusan La'asar, iskar da ke cikin akwatin ta haura 50 ba wani abin mamaki ba ne. Miliam 100 ɗin da aka rubuta, a wannan hali, ko rabinsa ka samu ka gode. NE5532 guda yana cin kusan miliam 8. Miksa mai guda goma, da fitilun nuna ƙarfin murya, ta riga ta wuce abin da aisin zai ɗauka a garinmu.

Masu ƙera aisin mai wuta biyu sun san da haka, shi ya sa takardun bayaninsu ke nuna yadda ake ƙara manyan taransisto biyu a waje su ɗauke nauyin. Hanya ce mai aiki, kuma za ka gan ta a tsofaffin fanel da yawa. Amma da zarar ka ƙara taransisto biyu da resistocinsu da ƙarfen sanyaya, sauƙin da ya ja ka zuwa aisi guda ya tafi. Ga kuma maganar samu. Tsofaffin kaya ne waɗanda aka daɗe da barin yayinsu. Ba za ka shiga kasuwar Birnin Kebbi ko ta Jega ka fito da RC4194 ba. Ko Sabon Garin Kano ko Alaba ta Legas ka aika, in an samo maka, sau da yawa ciro ne daga wani fanel, ba ka san irin wahalar da ya sha ba. Abin da za ka haɗa wa mutumin Kamba ko Bunza, ka haɗa shi da kayan da wani mai gyaran zai iya maye gurbinsu bayan shekara uku ba tare da ya neme ka ba.

Duk da haka na ce in ka same shi da rai a tsohon fanel, ka bar shi. Wanda ya zana fanel ɗin ya riga ya yi lissafin lodinsa da taransifomarsa, kuma cire aisi mai ƙafa 14 a cusa regileta biyu da wayoyi na lilo ba gyara ba ne. Abin da nake roƙo kawai shi ne a daina kai sukundireba kan firiset tun kafin a auna. Ana gab da azumi aka kawo wata miksa daga wani masallacin ƙauye ta wajen Kalgo, murya na fita a shaƙe. Yaron shago ya ɗora mita: ɓangare ɗaya 15 cif, ɗayan 9. Ya ce, "Maigida, in murɗa firiset ɗin ta hau?" Na ce ya ajiye sukundireban, ya bi ƙananan aisin ɗaya bayan ɗaya da bayan yatsa. A layi na uku ya janye hannu da sauri. Wani 4558 ne ya mutu yana zuƙe wuta. Da aka cire shi, mita ta koma 15 ba wanda ya taɓa komai. Da ya murɗa, da 9 ɗin ba za ta motsa ba, tunda aisin ya riga ya kai iyakar abin da yake bayarwa, amma ɗaya ɓangaren zai iya haurawa, kuma bayan an gano mai laifin sai a tarar an bar wutar a inda bai kamata ba. 4558 da TL072 iyakarsu 18 kowane ɓangare, tazarar ba ta da yawa.

Mita tana faɗin inda ciwon yake in an saurare ta. Ɓangarorin biyu sun faɗi daidai wa daida: duba wutar da ke shiga, ko resistar saitawa, ko lodin da ke kan jagora, domin in jagora ya faɗi mabiyi na bin sa. Ɓangare ɗaya ne kawai ya faɗi: nemi abin da ke jan wuta a layinsa, mataccen aisi ko kafasito da ya haɗe. Sai komai ya fita lafiya, bambancin kuma bai wuce rabin bolt ba, sannan maganar firiset ta taso.

Yanzu LM317 da ɗan uwansa na negatif, LM337. Robert Dobkin ne ya zana LM317 a kamfanin National Semiconductor a 1976, Texas Instruments ya sayi kamfanin a 2011, kuma har yau kamfanoni da dama na buga shi. Yana bayarwa daga bolt 1.25 zuwa 37, har amfiya 1.5 in an sanyaya shi yadda ya kamata. Yana kashe kansa in ya yi zafi, yana kuma taƙaita wuta in an yi shot. Aikinsa ɗaya ne tal: ya riƙe bolt 1.25 tsakanin ƙafar fita da ƙafar saitawa. Ka sa resista ta farko tsakanin waɗannan ƙafafu biyu, ta biyu daga ƙafar saitawa zuwa giraun. Ka raba ta biyu da ta farko, ka ƙara ɗaya, ka ninka da 1.25, amsar ita ce wutarka. Da om 120 a sama da 1,320 a ƙasa, 15 ke nan. Da kusan 1,030 a ƙasa, 12.

Zane-zane da yawa da ke yawo suna nuna om 240 a sama. Ni 120 nake sawa. LM317 yana bukatar a riƙa jan har miliam 10 daga gare shi kafin a tabbata zai riƙe wuta, om 240 kuwa miliam 5 kawai take ja. In akwai lodi a manne kullum, ba matsala. Amma ɗalibin da ya haɗa abin gwaji na kan tebur, wanda ake kunna shi ba komai a bakinsa, yana iya ganin wuta ta haura abin da ya lissafa ya rasa dalili. Om 120 tana jan 10 ɗin da kanta.

Ta fuskar zafi, nan ne bambancin yake. Wat 1.8 ɗin nan da ya fi ƙarfin aisi guda, yanzu ya rabu gida biyu, kowane jiki da kunnen ƙarfe da ake ɗaure wa ƙarfen sanyaya. Ba tare da ƙarfen ba, kowane wat yana ɗaga zafin cikinsa da digiri 50 ko fiye, iyakarsa kuwa 125. Wat 0.9 a akwati mai digiri 50 ya kai ka wajen 100, kana ciki amma a takure. Ɗan ƙarfen alminiyom mai faɗin yatsu uku ya sauke shi ƙasa sosai. In lodinka ya kai miliam 300, ƙarfen ya zama dole, kuma babba.

Wurin da mutane ke shiga uku shi ne yadda suke saka abin murɗawa. Sai a ɗauki boliyom na kilo-om 5 a sa shi shi kaɗai a matsayin resista ta ƙasa. Da om 240 a sama, ƙarshen murɗawarsa bolt 27 ne a lissafi, wato duk abin da taransifoma ta bayar zai wuce kai tsaye zuwa aisin da iyakarsu 18. Hannun yaro ɗaya ya isa. Ko ba hannun kowa, akwai ƙura. Duk wanda ya buɗe amfilifaya bayan hunturu ya ga jan garin da ke kwance kan fanel, kuma boliyom buɗaɗɗe ne, ƙura na shiga tsakanin harshensa da hanyar da yake bi. A layin murya, ƙaiƙayin kunne kawai za ta jawo. A ƙafar saita LM317, duk lokacin da harshen ya rabu da hanyarsa, wuta tsalle take yi zuwa sama.

Maganin ba tsada. Don miksa ko firiyam (sashen da ke fara ɗaga muryar makirfo), da om 120 a sama, ka sa resista tsayayya ta kilo-om 1.2 a ƙasa, ka jera mata firiset na om 200. Duk yadda aka murɗa, wutar tana tsakanin 13.75 da 15.8. Ka haɗa ƙafar tsakiyar firiset ɗin da ɗaya daga ƙafafun gefe, ta yadda ko harshen ya ɗaga, abin da zai faru shi ne ta tsaya a 15.8. In ka sami firiset rufaffe, shuɗin nan mai ɗan sukuru a ka, ya fi buɗaɗɗen nesa ba kusa ba. Me ya sa ma ake bukatar firiset, tunda lissafi ya ba da 1,320? Saboda 1.25 ɗin nan ba cif ba ne a kowane aisi, yana iya zama 1.20 ko 1.30, wanda a saitin 15 ke nufin daga 14.4 zuwa 15.6. Shi kuwa ɗalibin da dole sai ya fito da maɓallin murɗawa a fuskar akwati, ya ɗora resista ta kilo-om 1.8 a kan ƙafafun boliyom ɗinsa na kilo-om 5. Haɗuwarsu ta ba da kusan 1,320, da om 120 a sama ƙarshen murɗawa ya tsaya a 15. Ya kuma duba rubutun jikinsa: mai harafin B ake so, irin B5K, wanda ke tafiya daidai. Mai harafin A na murya ne, rabin murɗawarsa wuta na rarrafe, sauran rabin ta zabura.

Sai maganar ƙafafu, wadda ta ci regileta fiye da kowace. In ka fuskanci rubutun LM317, daga hagu: saitawa, fita, shiga. LM337 kuwa: saitawa, shiga, fita. Ba ɗaya ba ne. Kunnen ƙarfen kowannensu yana haɗe da ƙafar tsakiya, wato kunnen LM317 yana ɗauke da fozitif 15, na LM337 yana ɗauke da negatif 24. Ka ɗaure su kan ƙarfe guda ba maika (siririn faifan da ke hana wuta wucewa) ba ɗan zoben roba a sukuru, ka haɗa wuta kusan 40 da hannunka. Ko dai kowanne da ƙarfensa, ko a sa maika a kuma gwada da mita kafin a kunna. LM337 yana son kafasito a bakin fitarsa, aƙalla maikuro 10 na irin wanda muka saba, in babu yana iya rawa. Maikuro 10 a ƙafar saitawa yana rage ƙugi sosai, amma in ka sa shi, ka ƙara dayod 1N4007 na kariya. Wani dayod ɗin kuma a juye tsakanin kowace fita da giraun, don kada ɓangaren da ya riga tashi ya danne ɗan uwansa lokacin kunnawa.

To, a nan mai son aisi guda zai ce: ai ka rasa tafiya tare, yanzu wuri biyu za ka murɗa. Gaskiya ne. Amma wa ke bukatar tafiya taren? Na ga masu gyara sun ɓata rabin yini suna neman 15.00 da 15.00. Aisin murya bai damu ba. Tsakiyar muryar da yake fitarwa daga giraun yake auna ta, ba daga tsakiyar wutar da aka ba shi ba. In fozitif 15.3 ne negatif 14.7, ba kunnen da zai ji, sai dai in an ƙure murya ɓangare ɗaya ya riga ɗaya fashewa da ɗan kaɗan. Miksa sau ɗaya ake saita ta a rufe akwati. Wanda tafiya tare ke yi wa amfani shi ne mai abin gwaji na kan tebur, da yake sauya wuta sau goma a yini. Shi ma yana da mafita. Mai sauƙin ita ce boliyom mai hawa biyu a sanda ɗaya, irin na sitiriyo, sai dai hawan biyu ba sa zuwa daidai, bambancin bolt guda a tsakiyar murɗawa ba baƙon abu ba ne. Mai kyan ita ce ya kwaikwayi abin da ke cikin aisi gudan: resista biyu na kilo-om 10 waɗanda kuskurensu bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, daga fita zuwa fita, ƙaramin aisi irin 741 ya riƙa duban mahaɗarsu yana tuƙa ƙafar saita LM337. Ya kula kawai kada wutar da zai ciyar da 741 ɗin ta wuce iyakarsa. Ɗalibin da ya haɗa wannan ya kuma iya bayaninsa a gaban malamai, ya fi wanda ya sayo aisi guda fahimtar abin da ya yi.

7815 da 7915, ko 7812 da 7912, ba zan daɗe a kansu ba. In wutar da kake so ita ce rubuce a jikinsu, ka sa su ka wuce, sun fi kowa arha da sauƙi, kuma miksoci da yawa da su suka zo. Matsalar tana farawa ne in an ce sai an matsar da su. Dayod a ƙafar giraun yana ƙara kusan 0.6, jar fitila ƙarama tana ƙara kusan 1.8, a fita kunya ana iya yi. Amma sama kawai suke zuwa, ba sa sauka, kuma suna zubar da kusan miliam 5 ta ƙafar giraun, abin da ke sauyawa da zafi, don haka saita su da resista ba ya zama daram kamar na LM317, wanda abin da ke bin ƙafar saitawarsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na miliam ba. Su ma ƙafafunsu sun saɓa, kunnen 7915 wutar shiga yake ɗauke da ita.

Akwai abin da ya fi zaɓen aisi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa: ba regiletar da ke ƙirƙiro wutar da ba a ba ta ba. Duk waɗannan suna son shiga ta fi fita da bolt 2 zuwa 3. Taransifoma 15-0-15 tana ba da kusan 20 in wutar gari ta cika 230. In ta sauko 180, kamar yadda takan yi da yamma, ko ƙaramin janareta ya ji nauyi, abin da ke kan kafasito bai kai 16 ba. Regiletar da aka saita a 15 ta saki aiki, ƙugin nan mai kauri ya cika lasifika, mai gyara ya hau murɗa firiset sama, alhali ƙara sama ƙara lalata abin yake yi. Mafita biyu ce. Ka koma 18-0-18, wadda ko a 180 tana ba da kusan 19, ka biya da zafi da babban ƙarfen sanyaya. Ko ka bar taransifomar ka sauke fita zuwa 12. Ni ta biyun nake zaɓa a mafi yawan kayan masallaci da na majalisi. Abin da ka rasa daga 15 zuwa 12 kusan desibel 2 ne a can ƙololuwar murya, inda liman ko mai wa'azi ba ya zuwa in an saita makirfo daidai. Abin da ka samu shi ne na'urar da ba ta ƙugi in wuta ta yi ƙasa. Wannan sauƙin saukewa shi ne babban dalilin da ya sa na fifita LM317 da LM337 kan 7815 da 7915: resista ɗaya za ka canja a kowane ɓangare.

Masu sola lamarinsu daban ne, kuma kullum ƙaruwa suke. Batir na bolt 12 ba shi da negatif da za a tace, don haka duk abin da na lissafa a sama ba ya aiki kai tsaye. Akwai ƙananan fanel da ake sayarwa haɗaɗɗu, masu ɗaga 12 su fitar da wuta biyu, da yawansu kan aisin XL6009 aka gina su. Ba sa zafi sosai domin yanka wuta suke yi da sauri maimakon ƙona ta, amma wannan yankan yana barin datti a layi, makirfo kuwa ba ya yafiya. In za ka yi amfani da su a kayan murya, ka saita su a 18, ka bi su da LM317 da LM337 su sauke zuwa 15, ka kuma nisanta su daga wayar makirfo. Wasu na jera batir biyu su ɗauki tsakiya a matsayin giraun. Yana aiki, kuma shiru ne ƙwarai, amma fa sai batiran na miksar ne su kaɗai. In suna haɗe da inbata ko wata na'urar da ta ɗauki ƙarshen negatif a matsayin nata giraun, ranar da waya ɗaya ta haɗa na'urorin biyu, batir guda ka yi wa shot.

Aisi guda mai wuta biyu bai mutu ba, sabon jini ya fito. TPS7A39 na Texas Instruments yana ba da miliam 150 kowane ɓangare, ana saita shi da resista, kuma wutarsa tana da tsabta. Amma faɗinsa milimita 5 ne, ƙafafunsa 16 a ƙarƙashin jikinsa suke, sai da injin iska mai zafi irin na masu gyaran waya da fanel da aka buga domin sa, sai kuma an yi odarsa daga waje. Ga mai zana ƙaramar na'ura ta zamani abu ne mai kyau. Ga miksar da za ta koma ƙauye, lissafin zafin nan na jiki guda yana nan bai canja ba.

Ko wanne ka ɗauka, kada ka yarda da shi sai ka gwada shi da lodi, domin jabun LM317 sun yi yawa, kuma ba komai a bakinsu mita za ta nuna maka 15 mai kyau. Kafin ka haɗa fanel ɗin murya, ka ɗora resista ta om 150 mai wat 5 a kowane ɓangare, za ta ja miliam 100 a bolt 15. In a 12 ka saita kuma kana son gwaji mai nauyi, ƙwan fitilar babur mai wat 5 yana jan kusan miliam 400. Ka saita firiset ɗin lodin na manne, ka rufe akwatin, ka bar shi rabin awa da tsakar rana, ba da sanyin safiya ba. Ka sake aunawa. In wuta ta zame da fiye da kashi biyu ko uku cikin goma na bolt, ko ƙarfen sanyaya ya yi zafin da yatsa ba zai iya zama a kansa ba, ka ƙara girman ƙarfen ko ka canja aisin tun kayan suna shagonka. In ta tsaya, ka ɗiga ɗan fenti ko jan farce a kan sukurun firiset, ka rubuta wutar da ka saita da alƙalami a cikin murfin akwatin domin wanda zai buɗe bayanka.